Ko Rashin Bangaskiya Ne Mai Bi Ya Rubuta Damuwarsa?

Kafin ku ci gaba, ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta Zabura 42 da 43, sa'an nan 1 Sarakuna sura 19. A kansu ne maganarmu za ta tsaya.

Mu mutane ne masu son gaisuwa. Ranar Lahadi a bakin majami'a ana tambayarmu gida da aiki da yara da gajiya, amsarmu kuwa ɗaya ce: lafiya lau, mun gode Allah. Ba laifi a cikin wannan, don bakin ƙofa ba wurin zazzage ciki ba ne, kuma Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma akwai ɗan'uwan da ya daɗe yana ba mutane wannan amsa har ya koma yana ba kansa ita. In ya durƙusa addu'a ma, ita yake ba Allah. Barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya masa daɗi, fushi na tashi masa a kan abin da bai kai ya kawo ba, amma da za ka tambaye shi abin da ke damunsa, shi kansa bai sani ba.

Saboda irin wannan ɗan'uwa ne ake ba da shawarar riƙe littafin binciken zuciya. Sai dai shawarar tana tayar da tambaya a tsakaninmu, kuma masu yin ta ba wasa suke yi ba. Mu da aka koya mana furta nasara, ya dace mu ɗauki biro mu rubuta cewa muna jin tsoro, ko mun gaji, ko muna jin haushin wani? Wannan ba amincewa da shan kashi ba ne? Ba buɗe wa Shaiɗan ƙofa ba ne?

Wane irin littafi ne?

Littafin rubutu ne wanda kowane shafinsa ke ɗauke da tambayoyi kaɗan, da fili a ƙarƙashinsu inda mutum zai amsa. Akwai waɗanda ake bugawa a sayar, akwai na cikin waya, amma littafin makaranta mai falle arba'in da biro ɗaya sun isa, muddin an kwafe tambayoyin a shafin farko. Tambayoyin ne suka bambanta shi da rubutu kara-zube. Su ne ke hana mai rubutu kauce wa abin da ba ya son gani, su ne kuma ke hana shi zama wuri ɗaya yana ta juya magana ɗaya.

Mun riga mun san amfanin rubutu a wasu wurare. Uwar adashi ba ta dogara da ƙwaƙwalwarta. Tana rubuta wanda ya zuba da wanda ya kwasa. Mai shago a babbar kasuwar Birnin Kebbi yana da littafin bashi, kuma ba wanda ke cewa rubuta bashin shi ne ya jawo bashin. Manomin shinkafa a fadamar Argungu yana lissafa taki da mai da kuɗin ma'aikata, ya gwada su da buhunan da ya samu, ko da lissafin zai ɓata masa rai. Muna ganin wautar wanda ya ƙi duba littafinsa don tsoron ganin asara. Amma zuciya, wadda ta fi shago da gona daraja, mukan bar ta shekara da shekaru ba lissafi.

Nauyin da ke kanmu

Kada wani ya ce wannan maganar mutanen wata ƙasa ce. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamba 2015, mutane da yawa suka shiga noman shinkafa da kyakkyawan fata. A daminar 2020 ambaliya ta shafe gonaki masu yawa a Jihar Kebbi, wasu suka wayi gari ba amfani, ga bashi a wuya. A ranar 17 ga Yuni 2021 aka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, kuma tun daga nan akwai iyayen da gabansu ke faɗuwa duk lokacin da yaro ya koma makarantar kwana. Da yawa daga cikinmu suna da dangi a ƙasar Zuru, wajen Danko-Wasagu da Sakaba, waɗanda 'yan bindiga suka raba da garuruwansu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, mai noman rani ya ji a injin ban-ruwansa, uwargida ta ji a cefanenta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, waɗanda suka fi yawa kuwa su ne ciwon damuwa da fargaba. Ba a cire masu zuwa sujada daga wannan lissafi ba. Wasunsu suna cikin ƙungiyar mawaƙa, wasu suna koyar da yara ranar Lahadi, wasu ma a kan bagade suke.

Gunaguni daban, kuka daban

Masu shakka sukan kafa hujja da Karin Magana 18:21, inda aka nuna cewa maganar baki tana iya rayarwa tana iya kashewa. Sukan kuma tuna mana da Littafin Ƙidaya sura 13 da 14, inda 'yan leƙen asiri goma suka kawo mugun rahoto, jama'a suka yi gunaguni, tsara guda ta ƙare a jeji. Gaskiya ne, kuma bai kamata mu raina wannan gargaɗi ba. Mutumin da kullum yake kiran kansa matsiyaci, yana kiran 'ya'yansa marasa amfani, yana shuka abin da zai girba.

Amma mu lura da abin da ya faru a jejin. Joshuwa da Kalibu ba su ce babu ƙatti a ƙasar ba, ba su kuma ce biranen ba su da ganuwa ba. Abin da goman suka gani, su ma sun gani. Laifin jama'a shi ne sun juya wa Allah baya, suka yanke masa hukunci a tsakaninsu cewa ya kawo su ne don ya hallaka su, har suka fara shawarar naɗa shugaban da zai mai da su Masar. Wannan shi ne gunaguni: magana a kan Allah a bayan idonsa.

Kuka kuwa magana ce da Allah fuska da fuska, kuma Littafi Mai Tsarki cike yake da ita. A Zabura 42 da 43 mawaƙin ya tambayi ransa dalilin karayarsa har sau uku, kuma kowane karo yana umartar ran nan ya sa zuciya ga Allah. Bai ɓoye hawayensa ba, bai ɓoye gorin da ake masa ba. Zabura 88 ta fi haka nauyi, don ta ƙare ba tare da haske ya keto ba, amma Ruhu Mai Tsarki bai cire ta daga cikin Littafi ba. Ayuba ya faɗi maganganu masu zafi, abokansa uku suka faɗi masu daɗin ji, amma a sura 42 Allah ya nuna cewa Ayuba ne ya yi magana daidai a kansa. Manzo Bulus, wanda ya koya mana yin farin ciki kullum, shi ne ya rubuta wa Korintiyawa cewa a Asiya nauyi ya fi ƙarfinsu har suka fid da zuciya ga rayuwa (2 Korintiyawa 1:8). Ubangijinmu da kansa, a Getsamani, ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna irin baƙin cikin da ya cika ransa.

Da a ce faɗin damuwa rashin bangaskiya ne, da duk waɗannan sun faɗi. Bangaskiya ba ta bukatar ƙarya ta tallafe ta. Wanda ya rubuta "yau tsoro ya kama ni" ya faɗi abin da ke akwai. Wanda ya rubuta "Allah ya yashe ni har abada" ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba. Aikin littafin binciken zuciya shi ne ya taimake ka ka raba waɗannan biyu, domin a cikin kai da tsakar dare, cuɗe suke da juna.

Allah mai yin tambaya

Abin mamaki ne yadda Allah, wanda ya san kome, yake yawan yin tambaya. Ya tambayi Adamu inda yake. Ya tambayi Kayinu dalilin fushinsa tun kafin ya ɗaga hannu a kan ƙanensa. Mala'ikansa ya tambayi Hajaratu inda ta fito da inda za ta. Yesu ya tambayi Bartimawas abin da yake so a yi masa, alhali kowa na ganin makaho ne. Ya tambayi mutumin da ya yi shekara 38 yana ciwo a bakin tafkin Betesda ko yana son warkewa. Ya tambayi Bitrus sau uku a kan ƙaunarsa. Ba labari Allah yake nema ba. Mutum ne yake bukatar ya ji amsar ta fito daga bakinsa. Da Kayinu ya tsaya ya amsa tambayar da aka yi masa, da wataƙila Habila ya tsufa.

Dubi Iliya. Ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya ga ruwa ya sauka bayan shekarun fari. Saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa shi gudu har Biyersheba, ya bar baransa can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Abin da aka fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu. Bayan kwana arba'in, a Horeb, sai tambaya ta zo a kan abin da ya kawo shi wurin. Iliya ya zazzage cikinsa: ya yi kishi domin Ubangiji, an rushe bagadai, an kashe annabawa, shi kaɗai ya rage. Aka sake yi masa tambayar, ya sake ba da amsar. Sai da ya gama faɗi ne Allah ya gyara masa lissafi. Wasu abubuwan da ya faɗa gaskiya ne, amma batun cewa shi kaɗai ya rage kuskure ne, don akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Daga nan aka ba shi aiki, aka ba shi Elisha ya zama abokin tafiya.

Ga tsarin a fili: a kula da jiki, a faɗi abin da ke ciki ba ragi, a gwada shi da gaskiya, a tashi da aiki guda da abokin tafiya. Littafi mai tambayoyi masu kyau wannan hanya yake bi.

Akwai kuma darasi a Littafin Makoki, wanda aka rubuta bayan rushewar Urushalima. A harshen Ibrananci, surori huɗu na farko an jera su ne bisa haruffa 22 na harshen, daga na farko zuwa na ƙarshe. Shi ya sa sura ta 1 da ta 2 da ta 4 suke da ayoyi 22, ta 3 kuwa 66, uku ga kowane harafi. Mutumin da ya ga an ƙone haikali ya zauna ya zuba baƙin cikinsa harafi bayan harafi, kamar yadda manomi ke bi da ruwa ta kwalbati zuwa kowane fegi maimakon ya bar shi ya malale gona. A tsakiyar sura ta 3 ne ya tuna da jinƙan Ubangiji. Bai tsallake kukan ya kai can ba. Ta cikinsa ya bi.

Abin da masana suka gano

A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, tare da Sandra Beall, suka wallafa wani bincike. Sun sa ɗalibai su yi rubutu na minti 15 a rana har kwana huɗu a jere. Wasu sun rubuta abubuwa marasa nauyi, wasu suka rubuta abin da ya taɓa ƙuntata musu a rayuwa da yadda suka ji a kansa. Nan take bayan rubutun, na biyun sun fi jin ɓacin rai. Amma a watannin da suka biyo baya, zuwansu asibitin makaranta bai kai na sauran ba. A 2003 kuma Robert Emmons da Michael McCullough suka sa wasu su riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako har mako goma, aka samu sun fi waɗanda ke rubuta abubuwan ban haushi kyakkyawan zato ga rayuwa. Likitocin da ke bin hanyar Aaron Beck ma sukan ba marar lafiya takarda ya rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya zo masa, da hujjar da ke goyon bayan tunanin, da wadda ke rushe shi.

Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa amfanin rubutu matsakaici ne, kuma ba kowa yake yi wa aiki daidai ba. Kada mu mai da shi laya. Amma dalilin amfaninsa ba ɓoyayye ba ne. Tunani a cikin kai gudu yake yi, goma na shigowa lokaci guda, kamar ruwan Matan Fada ranar kamun kifi in dubban masunta suka afka da homa da gora, ruwa ya gurɓace ba ka ganin kome. Hannu kuwa jimla ɗaya yake iya rubutawa a lokaci guda. Rubutu yana tilasta wa tunani ya bi layi. Abin da ya zama kamar dutse da ƙarfe biyu na dare, in ka gan shi a layi uku da safe, sau da yawa za ka ga bashi ne mai adadi, ko magana ce guda da ya kamata ka yi da mutum guda.

Haɗarin madubi

Akwai ƙorafi na biyu, kuma ya fi na farko ƙarfi. Shin yawan duban kai ba son kai ba ne? An kira mu mu zuba wa Yesu ido. Yaya za mu zauna kowane dare muna zuba wa kanmu ido? Ga kuma Irmiya 17:9 yana gargaɗi cewa zuciya mayaudariya ce. Mutum na iya cika shafi ɗari yana wanke kansa yana ɗora wa matarsa ko maƙwabcinsa laifi, ya rufe littafin ya fi dā taurin zuciya. Wani kuma, mai raunin lamiri, zai mai da littafin kotu, kullum yana yanke wa kansa hukunci.

Tarihin John Wesley yana da abin koya mana a nan, ga shi kuwa daga koyarwarsa ta tsarki ne tushen ikilisiyoyin Fentikos ya sha ruwa. Ya fara rubuta littafin ayyukansa na yau da kullum a 1725, da wani salon rubutu na sirri. Daga 1729 shi da abokansa a Oxford suka riƙa gwada kansu da jerin tambayoyi. Ya kai ga yana lissafa yadda ya yi da kowace sa'a. Duk da haka salama ba ta zo masa ta wannan hanya ba. Sai ranar 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate a Landan, ya tabbata a zuciyarsa cewa Almasihu ya ɗauke zunubansa. Shekara goma sha uku na rubutu ba su cece shi ba. Amma bai jefar da biro ba, ya ci gaba da rubutu har kwanakin ƙarshe kafin mutuwarsa a 1791. Abin da ya sauya shi ne, a dā yana rubutu don a karɓe shi, daga baya yana rubutu ne a matsayin wanda aka riga aka karɓa.

Yakubu 1:23-25 ya kwatanta Maganar Allah da madubi, kuma laifin da ya gani shi ne mutum ya duba ya tafi ya manta. Bulus ya umarci kowa ya gwada kansa kafin ya ci Jibin Ubangiji (1 Korintiyawa 11:28). Saboda haka duban kai umarni ne. Abin kiyayewa shi ne a gaban wa kake yi, da inda yake kai ka. Sa'ad da Sarki Hezekiya ya karɓi wasiƙar barazana daga Assuriya, bai zauna yana ta maimaita karatunta a ɗakinsa ba. Ya hau Haikali ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji (2 Sarakuna 19:14). Haka shafinka zai zama. Ga ma'auni mai sauƙi: in bayan wata guda littafin ya sa ka nemi gafarar wani, ko ka biya wani haƙƙi, ko ka ƙara haƙuri da yaranka, yana aikinsa. In kuwa ya zama rumbun ajiye laifuffukan mutane da kwanan watansu, ka tsaya ka nemi shawara.

Amana

Yawancinmu ba mu da ɗaki na mu kaɗai. Littafi a ƙarƙashin filo ko cikin akwati yana iya faɗawa hannun wani, kuma nan ne wata tambayar ta taso: miji yana da iko ya karanta na matarsa? Uwa fa, na 'yarta?

Amsa ita ce a'a, sai da izini. Aure ya mai da mutum biyu jiki ɗaya, amma bai ba ɗaya damar laɓewa yana sauraron addu'ar ɗaya ba. Abin da ke shafin tunani ne da ba a gama tacewa ba. 'Yar'uwa na iya rubuta fushinta ranar Talata, ta gafarta ranar Laraba. Mijin da ya karanta na Talata ya ɗauko shi ranar faɗa ya ci amana, kuma ya koya mata cewa ko a gaban Allah sai ta yi taka-tsantsan. Iyaye, in kuna tsoron wani abu game da ɗanku, ku zaunar da shi ku tambaye shi da ƙauna. Fasto ko shugaban zumunta ma ba shi da hurumin cewa a kawo masa littattafan membobi ya duba.

Kai mai rubutu kuma akwai amana a kanka. Kada ka rubuta asirin wani da cikakken sunansa; harafi ɗaya ya isa. In shafi ya gama aikinsa kuma kana tsoron ya cuci wani, ba zunubi ba ne ka yage shi ka ƙone.

Inda littafi ya tsaya

Littafi ba ya rungumar mutum, ba ya kuma rubuta magani. Yakubu 5:16 ya ce mu riƙa buɗe wa juna laifofinmu muna yi wa juna addu'a, kuma takarda ba za ta cika wannan umarni a madadinka ba. Sau da yawa amfaninta shi ne ta shirya maka kalmomin da za ka kai wa fasto ko wata amintacciyar uwa a ikilisiya.

Akwai kuma lokacin da abin ya wuce biro. In fiye da mako biyu baƙin ciki bai sake ka ba, barci da cin abinci sun rikice, abin da ke faranta maka rai a dā ya daina, ka je asibiti. In mace ta haihu ta kasa jin daɗin jaririnta, kullum kuka, a kai ta. In mutum yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana ta magana, a kai shi. In tunanin kashe kanka ya zo maka, kada ka tsaya ga rubutawa, ka gaya wa wani yau, kada kuma ka zauna kai kaɗai. Wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga, in rubuta abin da ya gani yana sa jikinsa rawa yana dawo masa da ranar, ya dakata, ya yi wannan aiki tare da ma'aikacin lafiya. Ana iya farawa daga Asibitin Sir Yahaya ko asibitin Gwamnatin Tarayya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. A watan Janairu 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, domin kare mutuncin masu wannan larura. Ikilisiya ce ya kamata ta fi kowa kare shi.

Mun gaskata Allah yana warkarwa, muna shafa mai, muna ɗora hannu. Amma Allahn da ya ƙara wa Hezekiya shekara goma sha biyar shi ne ya sa Ishaya ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21), kuma Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Kada kowa ya daina shan maganin da likita ya ba shi don an yi masa addu'a. Ya koma wurin likitan a tabbatar, kamar yadda Yesu ya aiki kutaren nan wurin firistoci.

Yadda za ka fara

Ka zaɓi lokaci guda, da asuba kafin gida ya tashi ko da dare bayan addu'ar iyali. Minti goma zuwa goma sha biyar sun isa. In lokaci ya cika ka rufe, ko ba ka gama ba. Ka rubuta da harshen da kake kuka da shi, Hausa ne, Dakarci ne, Zabarmanci ne, Turanci ne. Ba malamin da zai duba kuskuren rubutu. Wadda ba ta iya rubutu ba, ta naɗi muryarta a waya, ko ta amsa tambayoyin da baki tare da 'yar'uwar da ta amince da ita. In ka tsallake kwana uku, ka ci gaba daga inda kake. Ga tambayoyin da za ka kwafe:

1. Yaya jikina yake yau? Na yi barci? Na ci abinci?
2. Me ya fi tsaya mini a rai, kuma mene ne sunan abin da nake ji: tsoro, fushi, kunya, kishi, kewa ko gajiya?
3. Me nake gaya wa kaina a kan wannan abu?
4. A cikin abin da nake gaya wa kaina, wanne na tabbatar, wanne ne zato? Me Maganar Allah ta ce a kai?
5. Ina nawa laifin, wa ya kamata in nemi gafararsa, wa ya kamata in gafarta wa?
6. Waɗanne abubuwa uku ne na yau zan gode wa Allah dominsu?
7. Wane abu guda zan yi gobe, kuma wa zan gaya wa?

Kada ka tsallake ta biyu don ka yi saurin kaiwa ta shida, kada kuma ka tsaya a ta biyu ka rufe littafi. A ƙarshen kowane wata ka koma baya ka karanta. Za ka ga abin da ke yawan dawowa, wanda ke bukatar a yi maganinsa. Za ka kuma ga abubuwan da suka hana ka barci waɗanda Allah ya riga ya warware kai kuwa ka manta. Ka sa musu alama da kwanan wata. Daga nan ne shaidarka ta ranar Lahadi za ta fito, kuma mai jin ta zai san ba ado ka yi mata ba.

Mu yi addu'a

Ya Uba, ba abin da ke cikina da yake ɓoye gare ka. Ka ba ni ƙarfin hali in kira damuwata da sunanta a gabanka. Inda na gaskata ƙarya a kan kaina ko a kanka, Ruhunka ya gyara mini lissafi kamar yadda ka yi wa bawanka Iliya. Ka nuna mini wanda zan nemi gafararsa da wanda zan nemi taimakonsa. Ka tuna da 'yan'uwanmu da suka rasa gonaki, da waɗanda aka kora daga garuruwansu, da waɗanda ke kwana ido biyu. Ka sa ikilisiyarmu ta zama wurin da mai rauni zai faɗi gaskiya ba tare da tsoron gori ba. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.